KAFIN A YI GWANJON GIDANKA, MAI BIN BASHI YA NUNA TAKARDA

Daga Wakilinmu

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan magana ba wanda ya fi saninta kamar ɗan kasuwar da ya baro gida ya zo neman abinci Kurmi. Duk mai sauke shanu a Agege, ko bandar kifi a kasuwar Mil 12, ko wake da albasa a Sabon Badun, ya san ciniki ba ya tafiya sai da jari, jarin nan kuwa sau da yawa na aro ne. Banki kuma ba ya ba da kuɗi don kyan fuska, sai an ajiye masa jingina, jinginar da ya fi so kuwa ita ce takardar gida.

To, yau muna so mu yi magana da 'yan'uwanmu mutanen Nguru da Gashuwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, da ma duk wanda ya bar gida a Arewa ya jinginar da shi. Abin da muke so mu ja hankalinsu a kai shi ne, bashi yana canja hannu. Wanda ya ba ka rance jiya ba lalle ne shi zai zo karɓa gobe ba. In kuwa wani baƙo ya zo ya ce shi ke binka, har ma zai sayar da gidanka, doka ta ba ka ikon ka ce ya fara nuna shaida tukuna.

GIDA YANA AREWA, MAI GIDA YANA KURMI

Ba yau mutanen waɗannan garuruwa suka fara hulɗa da Kudu ba. Tun 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru, nan ne kuwa ƙarshenta. Saboda haka garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fata da ƙirgi da dabbobi, daga nan ake lodi a nufi bakin teku. Gashuwa kuma, hedkwatar Masarautar Bade, tana bakin kogin Yobe, tana da fadamun shinkafa da kayan lambu da kifi mai yawa. Kaya ne suka fara tafiya, sa'an nan masu kaya suka bi bayansu, har waɗansu suka share wuri suka zauna.

Amma komai daɗewar mutum a Ikko, idonsa yana gida. Abin da ya tara can yake kai shi ya yi gini. A nan ne tsohuwarsa take, da matansa, da ƙannensa, da marayun gidan. Watau gidan nan ba bulo da kwano ba ne kawai, shi ne rufin asirin zuriya.

Bari mu yi misali. A ce wani ɗan Nguru mai fataucin shanu ya karɓi rance a reshen wani banki shekarun baya, ya ajiye satifiket ɗin gidansa. Ya biya wani abu, kasuwa ta juya masa baya, saura ya tsaya. Bayan 'yan shekaru bankin ya rushe, ko ya narke cikin wani. Shi yana can Agege bai ji komai ba. Kwatsam wata rana sai ƙanensa ya bugo waya, ya ce, "Yaya, waɗansu mutane sun zo da takarda sun manna a ƙofar zaure, sun ce za a yi gwanjon gidan nan." Sunan da ke kan takardar kuwa bai taɓa jinsa ba, adadin kuɗin ma ya ninka abin da ya sani sau da yawa. Yawancin mutane a nan sai jikinsu ya yi sanyi, su ce ai ba a ja da hukuma. Wannan kuwa kuskure ne babba.

YADDA BASHI KE YAWO

Wanda ya bi tarihin bankunan ƙasar nan ba zai yi mamakin ganin baƙon suna a takardar bashi ba. A watan Janairu 1998 gwamnati ta soke lasin bankuna 26 a rana guda, aka miƙa su ga hukumar NDIC, wadda aikinta ne ta tattara dukiyar bankin da ya mutu ta biya masu ajiya. Bashin da irin wannan banki ke bi ba ya mutuwa tare da shi, NDIC ce ke gadonsa. A 2004 Gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ce kowane banki sai ya mallaki jarin Naira biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. Bank of the North, wanda hedkwatarsa ke Kano kuma kowane ɗan Arewa ya san shi, ya haɗu da waɗansu takwas suka zama Unity Bank a 2006. A 2011 Afribank ya zama Mainstreet, Bank PHB ya zama Keystone, Spring Bank ya zama Enterprise. A 2018 Skye Bank ya zama Polaris. A watan Yuni 2024 aka soke lasin Heritage Bank.

Har wa yau, a 2010 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar AMCON, ta sayi basussuka fiye da 12,000 waɗanda suka gagari bankuna karɓa. Duk wanda sunansa ya faɗa cikin wannan ciniki, daga ranar AMCON ce ke binsa, ba bankinsa na da ba.

Ba muna cewa waɗannan hukumomi da bankuna sun zalunci wani ba ne. Abin da muke cewa shi ne, a duk lokacin da fayil ya tashi daga wannan ofis zuwa wancan, daga reshe zuwa hedkwata, daga Kano zuwa Abuja ko Ikko, takarda tana iya ɓacewa, lissafi yana iya rikicewa, kuɗin da mutum ya biya yana iya rasa wurin shiga. Wanda zai kwana a ciki kuwa mai gida ne, in bai buɗe baki ba.

ABIN DA YA FARU A AMURKA

Kada wani ya ce wannan sakacin ƙasashenmu ne. Inda abin ya fi muni shi ne Amurka, ƙasar da ake ganin ta fi kowa iya ajiye takarda. A can bankuna sun riƙa ba mutane rancen sayen gida, sa'an nan su tara basussukan dubu-dubu su ɗaure kamar damin dawa, su sayar wa waɗansu kamfanoni, su kuma su sayar gaba. Da tattalin arziki ya karye a 2007 da 2008, miliyoyin mutane suka kasa biya, aka shiga ƙwace gidaje. A nan ne asiri ya tonu, domin da yawa daga masu ƙwacen ba su da takardar da ke nuna bashin ya zama nasu.

Ranar 31 ga Oktoba 2007 wani alƙalin kotun tarayya a birnin Cleveland na jihar Ohio, Christopher Boyko, ya kori ƙararraki 14 da Deutsche Bank ya shigar don karɓe gidaje, saboda bankin ya kasa nuna cewa jinginar tana hannunsa ranar da ya kai ƙara. A 2010 ya fito fili cewa wani ma'aikacin kamfanin GMAC ya amsa da bakinsa cewa yana sa hannu a takardun rantsuwa kusan 10,000 kowane wata ba tare da ya karanta su ba. Abin ya zama abin kunya har Bank of America ya dakatar da ƙwace gidaje a dukan jihohi 50 na ɗan lokaci.

Ranar 7 ga Janairu 2011 kuma kotun ƙoli ta jihar Massachusetts ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da sunan Ibanez. U.S. Bank da Wells Fargo sun yi gwanjon gidaje biyu a garin Springfield a 2007, alhali takardun da suka miƙa musu jinginar ba a rubuta su ba sai bayan an gama gwanjon. Kotu ta ce cinikin bai ƙullu ba, domin ba ka sayar da abin da ba ka tabbatar yana hannunka ba. A watan Fabrairu 2012 manyan bankuna biyar suka yarda da sulhu na dala biliyan 25 da gwamnatin ƙasar da jihohi 49.

Sai dai a lura da abu guda. Kotunan nan ba su ce an yafe wa kowa bashi ba. Cewa suka yi mai bin bashi ya je ya gyara takardunsa ya dawo. Amma wannan jinkiri ya ba mutane da yawa damar zama a teburin sulhu, maimakon a watsa musu kaya a titi.

ME DOKAR NIJERIYA TA CE?

Mu dawo gida. Tun daga watan Maris 1978, lokacin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna. Sashe na 22 ya ce mai riƙe da satifiket ba zai sayar ko ya jinginar da filinsa ba sai da yardar Gwamna. Sashe na 21 ya ce filin da ake riƙe da shi bisa al'ada yana bukatar yardar ƙaramar hukuma. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa wannan ƙa'ida ba, banza ne.

A kan wannan aka yi shahararriyar shari'ar nan ta Savannah Bank da Ajilo. Mutumin ya jinginar da gidansa a nan Ikko don rancen da kamfaninsa ya karɓa, da biya ya gagara banki ya yi shelar zai sayar da gidan. Sai ya garzaya kotu ya ce ba a nemi yardar Gwamna ba. A 1989 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, ta ce jinginar ba ta ƙullu ba. A 2007 ma, a shari'ar Union Bank da kamfanin Ayodare, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina domin jami'in da ya sa hannu a takardar yarda ba shi ne doka ta ba ikon sa hannu ba.

Amma kada wani ya hango kitse a rogo. A 1996, a shari'ar Ugochukwu da Co-operative and Commerce Bank, wannan kotu ta nuna cewa neman yardar Gwamna nauyi ne a kan mai gida, saboda haka ba daidai ba ne mutum ya ci kuɗin banki sa'an nan ya fake da laifin kansa. Watau hujjar rashin yardar Gwamna wuƙa ce mai kaifi biyu, ba a ɗaukarta sai da shawarar lauya.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta shaida. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 131, ta ɗora wa mai da'awa nauyin tabbatar da da'awarsa. Sashe na 51 kuma ya ce abin da aka rubuta a littafin lissafi shi kaɗai bai isa a ɗora wa mutum bashi ba, sai an kawo ƙarin shaida. Ashe ke nan ba a zuwa da lamba kawai a ce ga abin da ake binka.

TAMBAYOYI HUƊU

Duk wanda aka kawo wa takardar gwanjo, ga abin da ya kamata lauyansa ya nema a rubuce.

Na farko, ina yarjejeniyar jinginar da na sa wa hannu? Jingina iri biyu ce. Akwai wadda aka rubuta cikakkiya, aka buga mata hatimi, aka sami yardar Gwamna, aka yi mata rajista a ofishin filaye. Mai riƙe da irin wannan yana iya sayar da gida ba tare da ya je kotu ba, in sharuɗɗa sun cika. Akwai kuma wadda mutum ya ajiye satifiket ɗinsa kawai a banki. Mai riƙe da wannan galibi ba shi da ikon sayarwa sai kotu ta ba shi izini. Mutane da yawa ba su san bambancin nan ba, shi ya sa ake razana su.

Na biyu, ta yaya bashin ya zo hannunka? In haɗewar bankuna ce, akwai umurnin kotu da ya tabbatar da haɗewar. In banki ya mutu ne, akwai shaidar cewa NDIC ce mai kula da gadonsa. In sayen bashin aka yi, ƙa'idar da muka gada daga dokar Ingila ita ce a yi cinikin a rubuce, a kuma sanar da wanda ake bi a rubuce. In kuwa wani kamfani ne ko lauya ya ce an wakilta shi, to, ya nuna takardar wakilci. Kada ka biya ko kwabo a asusun wani mutum don ya ce shi wakili ne.

Na uku, ina cikakken lissafi tun daga ranar da na karɓi kuɗin? A ware uwar kuɗi daban, ruwa daban, tara daban, a kuma nuna duk abin da aka biya. A nan ne rasiɗanka za su yi maka rana.

Na huɗu, ina sanarwar da aka aiko mini? Tsohuwar dokar Ingila ta 1881, wadda ake aiki da ita a yawancin jihohin Arewa, ta ce ba a sayarwa sai an nemi mutum ya biya a rubuce ya yi wata uku bai biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu a kansa, ko ya karya wani sharaɗi. Amma bankuna sukan rage wannan wa'adi a cikin yarjejeniya, saboda haka a duba abin da aka sa wa hannu. Dokokin gwanjo na jihohi da dama kuma sun ce sai an yi shela ta kwana bakwai kafin a sayar da fili ko gida.

Game da AMCON, gaskiya ita ce dokarta ta ba ta ƙarfi ainun, an kuma ƙara mata a 2019 da 2021. Tana iya zuwa Babbar Kotun Tarayya ta samo umurnin riƙe dukiyar mutum na wucin gadi tun kafin a ji ta bakinsa. Duk da haka kotun ce dai za ta saurari ɓangare biyu daga baya, wanda ya zo da takardunsa kuwa ba ya zama ɗaya da wanda ya zo hannu rabbana.

JINGINAR CIKIN GARI

Ba banki kaɗai ke riƙe takardun gidaje ba. A garuruwanmu mutum yakan kai takardar gidansa wurin wani attajiri ya karɓi jari, wani lokaci ma takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa. Attajirin shi ma in ya matsu sai ya tura ta gaba. In ɗayansu ya rasu, sai magada su tashi da rigima, wannan ya ce an sayar, wancan ya ce jingina ce.

Musulunci kuwa ya riga ya toshe wannan ƙofa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, mai bi mata kuma ta yi maganar jingina. A mazhabar Malikiyya mai riƙe da jingina ba ya zama mai ita don wa'adi ya cika. Sayarwa ake yi, in an yi gardama alƙali ya sa a sayar, mai bin bashi ya ɗauki haƙƙinsa, saura a mai da wa mai gida. Malamanmu kuma sun sa sharaɗi cewa ba a sayar wa wani bashin da ake bin mutum sai wanda ake bi yana nan, ya kuma amsa cewa lalle ana binsa. Mai da'awar bashi a kan mamaci ma, bayan shaidu sai ya yi rantsuwa. Ashe abin da alƙalan Amurka suka tsaya a kai a 2011, yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Nguru da Gashuwa tun zamanin kakanni.

KADA A BARI SAI AN SAYAR

Babban abin da ke cutar ɗan ci-rani shi ne nisa. Labari ba ya isa gare shi sai aski ya zo gaban goshi. Doka kuwa tana kāre wanda ya sayi gida a gwanjo da zuciya ɗaya, ba da haɗin baki ba. In ciniki ya riga ya faɗa, sau da yawa abin da kotu za ta ba tsohon mai gida diyya ce ta kuɗi, ba gidan ba. Saboda haka ranar da takarda ta zo, ranar ake neman lauya ya roƙi Babbar Kotu ta dakatar da sayarwa, ba bayan Salla ba.

Kowa ya bar wa banki adireshinsa na yanzu da lambar wayarsa a rubuce, ya riƙe kwafi. Ya sa wani amintacce a gida wanda ya iya karatu, wanda duk takardar da ta zo zai ɗauki hotonta ya aiko nan take. Ya yi kwafin satifiket da yarjejeniya da rasiɗai kashi biyu, ɗaya a Arewa ɗaya a Kurmi, domin ambaliya irin wadda ta auka wa Gashuwa a 2022 ba ta tambayar wace takarda ce mai muhimmanci. In ya je gida ya leƙa ofishin filaye a Damaturu ya ga abin da aka rubuta a kan fayil ɗin gidansa. Wanda ke da ƙorafi kan lissafi ya rubuta wa bankin, in mako biyu ya wuce ba a share masa hawaye ba ya kai kuka sashen kāre haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976. Sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin kasuwanni su ma ya kamata su riƙa faɗakar da jama'arsu a kan wannan.

Daga ƙarshe, kada wani ya ɗauki wannan bayani ya mai da shi tsanin cin dukiyar mutane. Bashi amana ne, wanda ya ci sai ya biya, ko a nan ko a gobe ƙiyama. Abin da muke cewa kawai shi ne, a biya wanda ya cancanta, a biya abin da yake daidai, kada kuma a fitar da tsohuwa da marayu daga gida a kan takardar da ba wanda ya gani. Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowa ikon sauke nauyin da ke kansa, amin.